Kason Amarya

Tun hantsi Lawali yake tsugune a bayan gidan Alhaji Mahmud a unguwar Hindawiyya, can ƙasa mai tsarki, yana lallaɓa garwashi cikin gangar banda. Haƙarƙarin rago ba ya son gaggawa: wuta kaɗan, hayaƙi da yawa, murfi a rufe.

Yau ake ɗaurin auren Jawahir, 'yar gidan. Alhaji ya so a sayo shinkafa da nama daga gidan abinci kowa ya huta, amma Lawali ya yi ta naci har aka bar masa aikin. Ya roƙi hutu a siton da yake dako a unguwar masana'antu, ya sa farar rigarsa ta Salla, ga ta nan duk gawayi ya ɓata.

Da ya zo barbaɗa yaji, sai ya ware gefe mafi taushi ya haɗa masa nasa daban, babu ƙuli-ƙuli. Gyaɗa tana sa amarya ƙaiƙayi.

Bayan la'asar maza suka cika falo. Alhaji ya leƙo.

"Lawali, malam ya iso. Shigo mana."

"Nama zai ƙone, Alhaji."

Alhaji ya sassauta murya. "To, ka amince?"

"Na amince."

Ta taga ya ji an nemi waliyyi, ya ji Alhaji ya amsa, ya ji an shafa fatiha. Ya ɗaga murfin ganga, hayaƙi ya turnuƙe masa fuska, bai kauce ba.

Can sai ga amarya a bakin ƙofar kicin, hannuwa sun sha lalle, tana harhaɗa Hausarta da kyar.

"Ammi Lawali, wallah ƙamshin nan ya hana ni zama! Ina nawa?"

Ammi take kiransa, wato baffa da Larabci. Ya miƙa mata farantin da hannu biyu. Ta gutsura, ta lumshe ido.

"Gobe za a kai ni Dammam, halas, shi ke nan. Ka yi mini addu'a, ya ammi."

Sai ya gyaɗa kai. Ƙawaye suka kira ta, ta juya da sauri.

Ya bi ta da kallo. Tafiyar Rakia ce sak, matarsa da ya binne lokacin ba su da iƙama, wato takardar izinin zama, kafin ya naɗe jaririyarsu a zani ya kawo ta gidan nan.