Ɗakin da Ba a Rufa Ba

Tasi'u Iliyasu Watari, ranar uku ga Mayun 2017, yana kwaɓa ƙasar ɗakin amarya, sai Safara'u, wadda aka yi musu baiko, ta ajiye kunya ta zo bakin danga.

"Malam Tasi'u, ashe ƙasar da za ka je aiki ta hana lebura shiga da iyali?"

Ya sunkuyar da kai. "Doka ce ta sauya. A ɗaura, ki zauna wurin Inna."

"Haka aka ce wa Yaya Luba, har ta yi furfura tana jira. Ko ka zauna mu ci geronmu, ko a mayar maka da kayanka."

Ta jira, sannan ta juya.

Da damina ta faɗi, Tasi'u ya riga ya tafi, ɗakin yana nan babu rufi, ruwa yana cin tubalinsa.