Alewar da Aka Tsinta a Jakar Auta

Alhaji ya ɗaga ledar da yatsu biyu, kamar wanda ya kamo mataccen ɓera ta wutsiya, ya juya ta don duk iyayen da ke zauren taron makarantar su gani. Alewa ce mai danƙo, 'yan taurari ja da kore, irin wadda yara ke ja da haƙori tana miƙewa. Jiya ya tsince ta a jakar 'yarsa Auta, an riga an cinye rabi.

Rabi fa! Tun jiyan abinci bai wuce masa maƙogwaro ba. A gidansa ko alewar tari ba ta shiga sai da izninsa. Ya sa yarinyar ta yi ta goge baki da buroshi har ta fashe da kuka, sannan ta faɗa masa a teburin Iya ta saya, dattijuwar da ke sayar da biskit da ruwa a bakin ajin ƙanana. Abu ɗaya ya kawo shi yau, kuma ya faɗa tun kafin ya zauna: a ɗauke teburin nan daga makarantar.

Ya ƙare wa iyayen kallo, raini ya cika masa ciki. Tumaki kawai. Mutanen da za su wuni suna musu a kan tsawon wando, amma ba su san abin da ke shiga cikin 'ya'yansu ba.

"Kun san abin da ke sa ta danƙo?" in ji shi. "Jelatin. Fatar alade ake jiƙawa, a dafa, a tace, a busar, a niƙe ta zama gari. Garin nan ake narkawa da sukari, a sa kala, a zuba a mazubi ya kwana ya daskare."

Tiryan-tiryan ya kawo shi, ko tuntuɓe babu. Zaure ya ɗauki salati. Wata uwa ta toshe baki da mayafi, ita da ba a jima ba ta gama raba wa tagwayenta irin wannan alewar a bakin ƙofa.

Malamin addini na makarantar, wani siriri mai tabarau, ya ɗaga hannu.

"Alhaji, a bi a hankali. Akwai na saniya, akwai na kifi, wata alewar ma da 'ya'yan itace ake ɗaure ta. In daga dabbar da aka yanka ne, halal ne. Na aladen ma malamai sun yi saɓani, wasu na ganin ya rikiɗe ya zama wani abu dabam, da yawa sun ce a'a. To ledar nan jelatin kawai aka rubuta. Ta ina ka san wanne ne?"

Alhaji ya yi masa kallon sama da ƙasa. Ji wai saɓani! Mutum da takalmi duk ya cinye ta gefe zai koya masa alewa.

"Malam, kai littafi ka sani. Wannan kuwa ni na san ta." Ya matse tauraro ɗaya, ya sake shi ya koma yadda yake. "Na alade ne. In ba shi ba ne, a canza min suna."

Sai Iya ta miƙe daga bencin baya, tana murza gefen zaninta.

"Alhaji, ka dubi girman Allah. Ni ban iya karatu ba. Mota ce ke kawo mana, duk shagunan unguwa ita suke sayarwa. In haram ce na daina, yau ɗin nan zan zubar. Amma teburin nan da shi nake ciyar da marayun ɗana."

Ta matso kusa har ta shaƙi ƙanshin nan na sukari da lemo da ba ya barin rigunansa, duk turaren da zai fesa. Ya ja da baya. Shi dai ya tsani kukan talaka, kullum sai an jawo marayu ciki.

"Yau ki zubar da wannan, gobe ki kawo wata masifar," ya ce. "Wanda bai san abin da yake sayarwa ba, bai dace ya sayar wa 'ya'yan mutane komai ba."

Shugaban makaranta ya ɗaga kai yana nazarin sabon rufin zauren, wanda Alhaji ya yi musu bara. Da aka ce duk mai son a ɗauke teburin ya ɗaga hannu, hannuwa suka tashi rututu, har da na waɗanda Iya ke riƙe wa yara in sun makara wajen ɗauka. Malamin addini ne kaɗai ya bar nasa a kan gwiwa.

A bakin get motar Alhaji ta wuce Iya, tebur a kanta, katan ɗin biskit a hammata. Bai ko juya ba. Zuciyarsa fes, ya tsare bakin 'yarsa. Ya ce wa direba su wuce wurin aiki.

Mai gadi ya wangale ƙofar masana'antar Alhaji. Manaja ya taho da sauri ya buɗe masa mota, yana ɗaga murya saboda ƙarar injuna.

"Yallaɓai, masu kawo mana jelatin sun kira. Wai na saniya za a aiko wannan karon, ko na aladen da muka saba?"

"Wanda muka saba," in ji Alhaji, yana kallon taurari ja da kore na gangarowa cikin ledoji. "Kuma ka faɗa wa direbobinmu, kada motar kamfanin nan ta sake kai kaya makarantar su Auta."