Mai Kujerar Jarida

Kafinta ya buɗe jarida, ransa ya ɓaci. Ga hoton kujerar da ya sha wahalar sassaƙawa, ga ƙanensa zaune a kanta yana washe baki. Tun safe masu saye ƙanen suke nema.

Ya tare 'yar jaridar da ta ɗauki hoton a ƙofar shago. "Malama, ni na yi kujerar nan ko wannan mai shafa fenti?"

"Kai mana. Amma ba kai ka ce in na buga fuskarka ba izini, kotu ce za ta raba mu ba?"

Ya sake duba hoton. A can gefe, gwiwar hannunsa kaɗai ta fito.

Ƙanen ya leƙo. "Yaya, wallahi gwiwar ta yi kyau."