Wiskin Labaran

Labaran ya ɗaga kofin gilashin ya karkata shi, hasken la'asar ya ratsa ruwan, ja kamar zuma. A bayansa, daga kan rufin gidansu a tudun Nakkasa, hasumiyar agogon Harami ta fito raɗau a cikin hoton.

"Jama'a, yau wiskin Sikotland gare mu," ya ce wa wayar da ya jingina da bulo. "Na sha'ir zalla, kuma sai da aka ƙarasa tsuma shi a gangar ram, wato giyar rake." Ya shinshina, ya lumshe ido, ya kurɓa, ya juya shi a baki yadda ya ga wani Bature yana yi a intanet. "Ƙamshin ayaba da ƙonannen sukari, ga ɗan hayaƙi a maƙogwaro. Tara cikin goma!"

Shayi ne da ya huce. In dai shaƙiyanci ne, duk Nakkasa babu na biyun Labaran. Shi ne ya taɓa sa wani sabon zuwa ya cire takalmi kafin ya shiga lif ɗin otal. Abokansa ya tura wa bidiyon don su yi dariya. Sun yi kuwa, sannan suka tura gaba.

Kafin Juma'a ya isa wayar Hatim, Bahaushe haifaffen Makka da ya yi karatu a Turai. Shi ne mai shagon tsiren Ka'akiyya inda Labaran ke gashi, kuma sunansa ne a kan iƙamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar. Hatim bai yi dariya ba. Ya ce huruj zai yi masa, fita ba dawowa, tun kafin 'yan sanda su gani su rufe masa shago.

Dattawan unguwa suka taru a majalisar Hatim. Labaran ya durƙusa a bakin ƙofa yana rantsuwa shayi ne. Matsalar ita ce kowa a ɗakin ya taɓa haɗiyar rantsuwar Labaran ya ƙware. Kofin an wanke shi tuni. Wayar ta zagaya hannu zuwa hannu, kowa ya kalla ya girgiza kai ya miƙa gaba. Ja dai ja ne.

Wayar ta zo hannun Malam Tsoho, yayan marigayiya mahaifiyar Labaran. Shi ya yi masa hanyar zuwa Makka. Shi ke raɗa wa jariran unguwa suna, shi ke biya wa yara karatu bayan azahar. Ya riƙe wayar nesa da ido, ya daɗe yana kallo.

"Shayi ne," ya ce.

"Ya ammi, da me ka gane?" in ji Hatim, yana kiransa baffa da Larabci.

"Wiski in an karkata shi, farin kumfa yake tarawa a bakin kofi. Wannan babu. Wanda aka tsuma a gangar ram kuma, duk ƙwarewarka, kurɓar farko sai ka yi atishawa. Kun ga yaron nan ya yi atishawa?"

Ya bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe a kan Hatim. Hatim ya buɗe baki, ya rufe, ya shiga gyara zaman rawaninsa.

"Halas, shi ke nan," ya ce daga baya. "Gobe ya dawo aiki."

Labaran ya tsira da iƙamarsa. Amma tun a wurin sa takalma aka fara raɗa. Ina Malam ya san kumfa? Ina ya san atishawa? Wani ya tuna cewa ai ba wanda ya san inda ya yi ƙuruciyarsa.

Ba wanda ya tunkari Malam da maganar. Sai dai yaran karatu suka riƙa raguwa. Da aka haihu a gidan Mukhtaru direba, wani aka kira ya raɗa suna. A masallaci, gurbin da ake bar masa a sahun gaba ya daina zama fanko. Labaran, mutumin da bakinsa ba ya hutawa, ya koma juya tsire shiru, ko ido ba ya iya haɗawa da masu saye daga Nakkasa.

Ranar da ya iya zuwa gaida Malam Tsoho, ya tarar da shi a kan tabarma, allunan yara jingine da bango ba mai ɗauka. Ya zauna can gefe, kansa a ƙasa.

"Kawu, ka yafe mini. Abin da ka binne tun kafin a haife ni, ni na sa ka tona shi a gaban mutane."

"Wane abu?"

"Shan da ka yi a da."

Tsoho ya dube shi, ya gyara zaman tabaransa.

"Ɗan nan, ni ko kwalbarta ban taɓa gani ba. Na dai san duk ƙaryar da na shirga a ɗakin nan, babu mai ƙarfin halin da zai ce mini ba haka take ba."