Duniya a Jikin Lemo

Ina aji huɗu a firamare lokacin, muna zaune a unguwar Television a Kaduna. Ran nan Baba ya dawo daga masaƙa da rana tsaka, abin da bai saba ba. Ya tarar da ni a bakin ƙofa ina kuka. Malamarmu ta ce mu zano taswirar duniya, ni kuwa na kasa.

Ya zauna a benci, ya ciro lemo daga aljihu, ya karɓi birona. Ya zana Afirka a jikin ɓawon, ya ɗiga Kaduna. Sai ya juya lemon, ya yi wani zane can baya.

"Nan ce Chaina, Ladi. Su ma suna yin atamfa, tasu ta fi tamu araha."

"Baba, da nisa?"

"A da haka nake tsammani," in ji shi.

Ya fere lemon, ya yanke kan, ya miƙo mini. Na shanye tas, ban rage masa ba.

Sai daga baya Mama ta gaya mini ran nan aka rufe masaƙarsu. Har yau in na ji ƙamshin ɓawon lemo, hannunsa nake gani, yana juya mini duniya a hankali don kada in tsorata.