Fensirin Mama a cikin fassarar Alƙur'ani

Mama da girmanta ta musulunta, ba ta iya Larabci ba. Wata tsohuwar fassarar Alƙur'ani ta Turanci da ta saya a unguwar PZ take karantawa, kuma sai da alwala take taɓa ta.

Wata la'asar na dawo daga Islamiyya a Samaru, na same ta tana karatu, tana jan layi da fensir. Na ce, "Mama, malaminmu ya ce wannan ba Alƙur'ani ba ne, littafin Turawa ne."

Ta rufe shi a hankali, ta ce, "To, zo ki koya mini naku."

Na ce sai na dawo daga wasa.

Mama ta rasu ban koya mata ba. Littafin yana wurina. A shafin da take karantawa ranar nan layin fensirinta ya tsaya.