Umman Ranar Asabar

Wasila ta sauka daga tasi ba ta ko tsaya gyara mayafi ba, don kada Muhsin ya ɓace mata a cikin gine-ginen Al Warsan masu kama da juna. Ga shi can gaba, jakar littattafai a kafaɗa, yana ta zabga sauri cikin ranar Dubai mai dafa ƙwaƙwalwa. Ɗanta ne na fari, shekararsa sha shida, kuma ta manta rabon da ta ga yana irin wannan saurin don zuwa wurinta.

Wai darasin lissafi yake zuwa duk Asabar. Lissafin me! Asama'u mai yi mata lalle ta riga ta tsegunta mata komai. Wata ma'aikaciyar jinya ce 'yar Zariya, Mahfuza, take tara yara a falonta, maza da mata, irin waɗanda zuciyarsu ta karkata ga jinsinsu kuma ba su da wanda za su faɗa wa. Tana ba su shayi, tana sauraronsu, tana hana su yi wa kansu illa. A ɓoye ake yi, don a garin nan irin wannan magana tana iya raba gida guda da biza.

Ba labarin Muhsin ne ya girgiza Wasila ba. Uwa ce, ta gane tun yana shekara sha uku. Ta yi kukanta a kan darduma har ta gaji, sannan ta yanke cewa ɗa dai nata ne, ba ta da inda za ta kai shi. Ko mahaifinsa Abdulganiyyu, da ke wuni a ofishin jigilar kaya a Al Khabaisi, ba ta faɗa wa ba. Jira kawai take yaron ya buɗe baki da kansa.

Sau nawa yake zuwa ƙofar kicin ya tsaya, ya ce, "Umma…" sai gabanta ya faɗi, ta juya ga tukunya ta ce, "Ka ci abinci kuwa?" Shi kuma ya ce ya ci, ya koma ɗaki. Haka suka yi shekara uku suna kewaya juna a gida ɗaya.

To yanzu ya sami wadda zai faɗa wa, kuma ba ita ba ce. Abin da ke cin ta ke nan, kishi ne tsagwaronsa, ba ta ma ɓoye wa kanta. Ita da ta yi kwana biyu tana naƙudarsa, ita da ta san tarinsa a cikin tarin yara ɗari, a ce wata can da ba ta taɓa wanke masa ko safa ba ita ce ta san cikinsa? Duk Asabar yakan dawo da jajayen idanu, ya wuce ta ba ya iya kallon fuskarta. Hawayensa ma a gidan wata yake zubar da su.

Ta ga ginin da ya shiga, ta ba shi minti ashirin kafin ta hau bene na uku, inda Asama'u ta kwatanta mata. Takalma kusan ƙafa goma a bakin ƙofa, ga nasa a ciki. Ƙofar ba ta gama rufuwa ba, sai ta kara ido.

Yara shida ne zaune a kafet sun yi tsit, da 'yan Pakistan da wata 'yar Sudan. A tsakiya aka ajiye kujera ɗaya, matar tana kai. Muhsin na durƙushe a gabanta, kansa ƙasa, irin durƙuson da yake yi in zai gaida manya.

"Umma," ya ce.

Wasila ta ƙara matsowa jikin ƙofar. Umma! Sunan nata ma an raba.

"Ka ci abinci kuwa?" in ji matar, tana kau da kai.

"Na ci. Umma, ki tsaya ki ji ni. Ba ni da kowa a duniya kamarki. Tsoro nake ji in kika san ko ni wane ne, ki daina kallona yadda kike kallona."

Nan ne idon Wasila ya sauka kan mayafin da matar ta yafa. Ruwan toka, mai ɗinkin zare a baki. Nata ne, wanda ta birkice gida tana nema har ta zargi mai wanki. Ashe ɗan da ta haifa ne ya ɗauko ya kawo wa sabuwar uwarsa. Ba ta san lokacin da ta banka ƙofar ba.

"Muhsin! Uwa nawa gare ka?"

Yaran suka watse gefe. Muhsin ya waigo yana durƙushe.

"Baiwar Allah, me na tsare miki?" Wasila ta juya kan matar. "Kin karɓi sirrinsa, na yi shiru. Kin karɓi hawayensa, na haɗiye. Yanzu har sunana za ki karɓa?"

Mahfuza ta miƙe a hankali, ta matsa gefe, ta nuna mata kujerar da hannu biyu.

"Maman Muhsin, bismillah, ki zauna, dama wurinki ne. Asabar goma sha ɗaya ke nan ina kwaikwayonki a kan kujerar nan, yana koyon yadda zai faɗa miki."